Eugeniusz Kwiatkowski, mutumin da ya buɗe wa Poland ƙofar teku

Gdynia tashar jiragen ruwa ce a gaɓar tekun Baltik da ke arewacin Poland. A farkon shekarun 1920 wurin nan ƙauyen masunta ne, inda za ka tarar da kwale-kwale a kan yashi da koma a shanye, mazauna kuma ba su kai 2,000 ba. Kafin 1939 ya zama birni mai mutum fiye da 100,000, kuma duk inda ake ba da wannan labari sai an ambaci Eugeniusz Kwiatkowski.

An haife shi a Kraków a 1888, ya karanta ilimin sinadarai a Lwów da Munich, saboda haka tattalin arziki a cikin masana'anta ya fara saninsa kafin ya san shi a ofis. Ya yi aiki a masana'antar takin zamani ta Chorzów tare da Ignacy Mościcki, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1926, kuma a wannan shekarar aka naɗa Kwiatkowski ministan masana'antu da ciniki.

Ga matsalar da ya tarar. Poland ta dawo da 'yancinta a 1918 da ɗan guntun gaɓar teku, babbar tashar yankin kuwa, wato Gdańsk, an mai da ita birni mai cin gashin kansa. A 1920, ana tsakiyar yaƙi da dakarun Sobiyet, 'yan dakon tashar suka ƙi sauke makaman Poland. A 1925 kuma Jamus ta toshe wa kwal ɗin Poland kasuwa. Gaskiya ne an fara gina Gdynia kafin zuwansa, bisa tsarin injiniya Tadeusz Wenda, amma aikin yana tafiyar hawainiya saboda rashin kuɗi. Kwiatkowski ya tsaya tsayin daka har aka zuba wa tashar kuɗi, aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, aka kuma matsa wa aikin layin dogo daga ma'adinan kwal na yankin Silesia zuwa bakin teku, wanda aka kammala a 1933. A ganina nan basirarsa take, domin ya fahimci cewa tasha ba ta da amfani idan babu hanyar da kaya za su iso ta.

A 1935 ya zama mataimakin firaminista kuma ministan kuɗi, sai ya karkata zuwa yankin da talauci ya yi wa katutu a kewayen kogunan Vistula da San, nesa da iyakar Jamus da ta Sobiyet. A can aka kafa Yankin Masana'antu na Tsakiya, aka gina sabon garin Stalowa Wola da masana'antar ƙarafa. Yaƙin Duniya na Biyu da ya ɓarke a 1939 ya katse aikin, shi kuma ya shafe shekarun yaƙin a tsare a Romaniya.

Da ya dawo a 1945, an ba shi aikin farfaɗo da tashoshin teku da yaƙi ya ragargaza. Bai daɗe ba gwamnatin kwaminisanci ta kawar da shi a 1948, ta kuma hana shi zama a gaɓar da ya yi wa hidima, abin da ke sosa rai ƙwarai. Ya koma Kraków yana rubuce-rubuce, ya rasu can ranar 22 ga Agusta 1974, 'yan kwanaki bayan Jami'ar Gdańsk ta ba shi digirin girmamawa.