Amsoshin Tambayoyinku: In an bar mai gini ya ƙara hawa, me ƴan unguwa za su samu?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau saƙonni uku na ware saboda duk kan magana ɗaya suka zo, sauran da suka turo kuyi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

Na farko daga wani ɗan'uwanmu ne direban tasi da ke zaune a Bronx, can birnin New York na Amurka. Yace an liƙa takarda a unguwarsu wai a zo mitin, wani kamfani na son gina bene mai tsawo fiye da yadda doka ta yarda a wurin, wai in an bar shi zai yiwa unguwa wurin wasan yara da wasu gidaje masu sauƙin haya. Sai yake tambaya, shin wannan ba cin hanci bane aka sa masa riga? Kuma in ya ajiye mota ya je ya yi magana, akwai wanda zai ji shi?

Toh Malam, Allah ya bada sa'ar sana'a. Cin hanci dai ba shi bane tunda a rubuce yake cikin doka kuma ba aljihun wani yake shiga ba, abin da ake yi shi ne ba ni gishiri in ba ka manda. Kowane fili a birnin yana da iyakar ginin da za a ɗora masa, misali in filinka murabba'in mita 1,000 ne kuma lambar da doka ta ba unguwar, wadda ake ninka girman fili da ita, 5 ce, to duk hawa-hawan in an haɗa faɗinsu bazai wuce murabba'in mita 5,000 ba. Duk hawan da aka ƙara maka a kan haka kuɗi ne tsagwaronsu, kuma sa hannun hukuma ne ya haifar da kuɗin ba wani ƙoƙarinka ba, shi yasa birni ke cewa to ai jama'ar da za su sha cunkoson mota da ƙarancin aji a makaranta da inuwar bene suma a basu rabonsu.

Abin ya samo asali ne tun da daɗewa. A 1915 aka gama wani ƙaton gini mai suna Equitable a gundumar Manhattan ta birnin New York, kusan hawa 40, ya tashi sak daga bakin titi ya tare wa maƙwabta rana, shekara ɗaya bayan nan a 1916 birnin ya kafa dokar tsara gine-gine. A 1961 aka sake dokar, anan ne aka shigo da cinikin nan, akace a unguwannin da suka fi cunkoso duk murabba'in ƙafa ɗaya na fili da ka bari a gaban gininka don jama'a za a baka murabba'in ƙafa 10 na ƙarin gini a sama, har zuwa kashi 20 cikin 100 na abin da aka yarda maka tun farko. Masu gini kuwa suka yi caa, wa zai ƙi? Sai dai a lokacin babu wanda ya tambayi ƴan unguwa komai, in ka cika sharaɗi a takarda shikenan ka samu. Abin da aka samu shi ne farfajiyoyi na kankare fetal, ba wurin zama ba bishiya, iskar hunturu na kaɗawa, wasu ma an yi su can ƙasa da titi yadda mai wucewa bazai ma san akwai su ba. Sai da wani mai bincike William Whyte ya kafa kyamarori yana ɗaukar yadda mutane ke amfani da wuraren, ya nuna cewa mutane suna zama ne inda akwai abin zama, magana mai sauƙi haka, sannan a 1975 aka wajabta saka benci da bishiyoyi.

Kuma ko bayan nan fa ba a tsira ba. A shekarar 2000 wani malamin jami'ar Harvard, Jerold Kayden, tare da hukumar tsara birnin suka bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, suka ƙirga guda 503 a gine-gine 320, suka ce wajen kashi 41 cikin 100 kusan basu da wani amfani. A 2017 mai binciken kuɗin birnin na lokacin, Scott Stringer, ya tura ma'aikatansa wurare 333 suka tarar 182 sun saɓa sharaɗi, wani ya sa ƙofa ya kulle, wani gidan abinci ya baza teburansa a wurin. Ginin Trump Tower ma yana ciki, falon ƙasan nan na jama'a ne bisa yarjejeniya, aka cire wani dogon benci aka kafa kantar saida kaya a wurin, a 2016 aka ci su tarar dala 10,000 sannan aka maido da benci. Ka auna dala 10,000 da hayar hawa ɗaya a titin da ginin yake, ka ga dalilin da yasa basa jin tsoro. Amma don adalci, akwai inda abin ya yi aiki fiye da yadda masu ginin suka so. Dandalin Zuccotti inda masu zanga-zangar adawa da manyan bankuna suka kafa tantuna wajen wata biyu a 2011, irin wannan filin ne, na kamfani ne amma sharaɗinsa a bar shi buɗe dare da rana, alhali lambunan gwamnati ana rufe su da dare.

Yanzu ɓangare na biyu na tambayarka, ko za a ji ka. Za a ji ka Malam, amma ba kai zaka yanke hukunci ba, kuma gara ka san wannan kafin ka je. New York na da kwamitocin unguwa 59, kowanne mambobinsa har zuwa 50, ba a biyansu albashi kuma naɗa su ake yi ba zaɓe ba. In buƙatar canza dokar fili ta zo, kwamiti na da kwana 60 ya kira jama'a ya ji su ya kaɗa ƙuri'a, amma ƙuri'ar shawara ce kawai. Daga nan shugaban gundumar kwana 30, shima shawara, sai hukumar tsara birni kwana 60, sai majalisar birni kwana 50. Kuma al'adar da aka daɗe ana bi a majalisar ita ce sauran kansiloli su bi bayan kansilan unguwar da abin ya shafa, in yace eh suce eh. Kaga kenan ofishin kansilanka ne ainihin wurin cinikin. Sannan kafin a fara ƙirga kwana 60 ɗin nan, kamfani ya riga ya gama zane, ya biya lauyoyi, ya shafe watanni ko shekaru yana kai da komo da ma'aikatan hukuma, wanda ya jira sai ranar babban mitin sau da yawa ihu bayan hari yake yi. Ni dai shawarata ka je mitin ɗin, minti biyu ko uku za a baka kan makirfo, kar ka ɓata su wajen zagin kamfani, ka faɗi abu ɗaya takamaimai da kuke so, sannan ku haɗu da sauran direbobi da mutanen masallacinku ku tura takarda ɗaya mai sa hannun mutane da yawa zuwa ofishin kansila.

Saƙo na biyu daga wata baiwar Allah ne a Toronto ta ƙasar Kanada, tace a kusa da su an yi dogon bene, abin da unguwa ta samu wai wani gunkin ƙarfe ne na ado a bakin hanya, alhali ita wurin renon yara take nema ta rasa. Wa ya zaɓi gunkin?

Hajiya kin bani dariya wallahi, amma tambayar taki ita ce zuciyar maganar. A lardin Ontario shekaru da yawa sashe na 37 na dokar tsara gari ake amfani da shi, kansila da ma'aikatan tsara birni su zauna da mai gini suyi ciniki, gini ɗaya ciniki ɗaya, ko wurin renon yara ko gyaran laburare ko lambu ko irin kayan adon da kika gani, ya danganta da ƙarfin kansila da kuma wanda ya fi damunsa da waya. Kuma saboda ana son a kashe kuɗin kusa da ginin, unguwannin tsakiyar gari inda benaye ke tashi suka riƙa samun miliyoyi, na bayan gari inda talakawa da baƙin haure suka fi yawa kuma suka tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 2019 da 2020 gwamnatin lardin ta canza tsarin, zuwa 2022 aka koma wani kuɗi tsayayye da bazai wuce kashi 4 cikin 100 na darajar filin ba, kan ginin da ya kai hawa 5 da gidaje 10. An rage cinikin bayan fage, gaskiya ne, amma an kuma rage abin da unguwa za ta iya matsowa daga hannun mai gini.

Sai kuma batun waye ma ke zuwa mitin. Wasu masu bincike a jami'ar Boston sun bi rubutattun bayanan irin waɗannan tarukan a garuruwa 97 na kewayen birnin, suka ga masu tashi suyi magana galibi tsofaffi ne, maza, masu gidan kansu, kuma wajen kashi 15 cikin 100 kawai ne ke goyon bayan sabbin gidaje. To ai ba mamaki, mitin ne da ake sawa da yamma ranar aiki, mai aikin dare na shirin fita, uwa mai goyo na fama da girki da wankan yara, wanda zai zauna a sabon gidan kuwa bai ma tare a unguwar ba balle ya zo. Sai ɗan fansho mai motoci biyu ya zo ya ce damuwarsa wurin fakin, a rubuta cewa ra'ayin jama'a kenan. Ba nace ra'ayinsa ba ra'ayi bane, amma ba shi kaɗai ne unguwa ba. Ingila ta ɗan gwada wata hanya, cikin harajin da wasu ƙananan hukumomi ke karɓa kan sabbin gine-gine tun 2010, kashi 15 cikin 100 na unguwar ne ta faɗi yadda za a kashe, in kuma unguwar ta zauna ta rubuta tsarinta aka amince da shi ta hanyar ƙuri'a sai ya koma kashi 25. Wannan ya fi min, don an san abin da ake so tun kafin mai gini ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Na ƙarshe wani dattijo ne daga Kano, tsohon ma'aikacin safiyo, gajeriyar tambaya ya yi, yace to in an gama gini aka saɓa alkawari fa?

Baba Allah ya ƙara lafiya, ana saɓawa kuwa, wani lokacin ma da izinin hukuma. Ka ɗauki tsohuwar tashar wutar Battersea a Landan da aka mayar unguwar masu hannu da shuni. Alkawarin farko gidaje 636 ne masu sauƙin kuɗi, a 2017 kamfanin ya koma wurin ƙaramar hukumar Wandsworth yace kuɗin aiki ya hau ribarsa ta ragu, aka yarda aka mayar da su 386, magajin gari Sadiq Khan ya yi ta faɗa amma an riga an sa hannu. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka yi alkawari dai an buɗe ta a 2021, ita kam tana ƙara wa gidajensu daraja ai. Ko su gidajen masu sauƙin ma sai an bi a hankali, a Ingila hayarsu na iya kaiwa kashi 80 cikin 100 na farashin kasuwa, a New York kuma ana auna sauƙin da matsakaicin samun kuɗin yankin birnin gaba ɗaya ne ba na unguwar ba, kuma Bronx ɗin ɗan'uwanmu direba ita ce mafi talauci a gundumomi biyar na birnin, kaga gidan da aka ce masa mai sauƙi ne zai iya fin ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Don haka abin da wayayyun ƴan unguwa ke nacewa a kai shi ne a sa komai cikin yarjejeniyar da ke maƙale da takardar filin, yadda ko an saida ginin sabon mai shi zai gaje ta, ba romon baka a mitin ba. Kuma a rubuta cewa ba za a bada takardar izinin tarewa ba sai an gama wurin renon yaran an miƙa makulli, domin muddin ƴan haya suka shiga kuɗi ya fara shigowa to ƙarfinku ya ƙare. A kuma faɗi wa zai biya shara da gyaran fitila da albashin masu aiki bayan shekara goma, don gini kawai aka saba bayarwa, kuɗin tafiyar da shi a bar wa birni. Kai Baba ka fi ni sanin wannan ɓangaren, tunda a Najeriya dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasa, kuma a taswirar sabuwar unguwa akan ware filin makaranta da na kasuwa da na wasan yara, ƙorafin da muke yawan samu a filin nan shi ne bayan wasu shekaru sai a wayi gari an yanka su an yi shaguna. Wanda ke riƙe da kwafin taswirar farko mai hatimi shi ke da abin nunawa a gaban hukuma ko kotu, saboda haka masu unguwanni da kwamitocin masallatai su nemi kwafi su adana tun kafin a fara zuba bulo.

Injiniya na ɗago min hannu lokaci ya cimmana. Wanda ya turo tambaya kan kuɗin ruwan famfo da na rijiyar burtsatse, taka ce ta farko a mako mai zuwa. A huta lafiya.