Yadda kiɗan metal ya kutsa cikin tsofaffin gem

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem yana buga Contra har a ɗauke wuta, to ya sha kiɗa mai jinin heavy metal bai ma sani ba. Metal dai kiɗan jita ne mai ruri da ganga mai gudu, ya taso a Ingila wajajen 1970 a hannun su Black Sabbath 'yan Birmingham, zuwa shekarun 1980 kuma ya samu karɓuwa sosai a Japan, can inda ake haɗa yawancin gem ɗin nan.

To amma ya aka yi ɗan akwatin gem ɗin da ko jita ɗaya babu a cikinsa yake fitar da irin wannan kiɗan? Ni a ganina raunin na'urar ne ma ya tura su. Famicom ɗin Nintendo da ta fito a 1983 murya biyar kacal gare ta: biyu masu kaifi, ɗaya mai kauri ta bes, ɗaya ta shuuu da ake yin ganga da ita, sai ta ƙarshe mai ɗaukar ɗan guntun sauti. Shikenan fa. Ba wurin tara kayan kiɗa rututu, amma muryoyi biyun nan masu kaifi in ka jera su suna tafiya tare ɗaya sama ɗaya ƙasa, ai salon jita biyu na ƙungiyar metal ta Iron Maiden kenan ya fito, sai bes ɗin ta riƙa sukuwa a ƙasa, dum-dada dum-dada. Ku saurari kiɗan matakin farko na gidan Wily, mugun gem ɗin, a Mega Man 2, na 1988, wanda Takashi Tateishi ya rubuta, ku kasa kunne wajen bes ɗin kawai. Kun ji ko?

Sai Sega Mega Drive, ita ma 1988. Cip ɗin sauti na Yamaha ne a cikinta, YM2612, murya shida, kuma sautinsa kaushi gare shi, wasu na kushe shi wai kamar ana yaga kwano. Wallahi a wajen metal wannan kaushin shi ne ribar, don jitar lantarki dama da gangan ake gurɓata muryarta. Thunder Force IV na kamfanin Technosoft, 1992, shi ne ya fi kowa cin moriyar abin, tun daga kiɗan buɗewa sai ka rantse mutum ne riƙe da jita.

Wasu kuma ba su tsaya kwaikwayo ba. Rock n' Roll Racing na 1993 lasisi suka samo, suka saka Paranoid ta Black Sabbath ba murya, kiɗa zalla. Kamfanin da ya yi shi ne daga baya ya zama Blizzard.

Amma babban yaya a wannan fagen Doom ne, 1993, a kwamfuta. Bobby Prince ne ya yi kiɗan, mutumin da lauya ne kafin ya faɗa harkar gem, kuma John Romero na id Software, kamfanin da ya yi Doom, ya miƙa masa faya-fayan metal ya ce ga irin abin da muke so. Shi ya sa har yau masu sauraro ke jera kiɗan Doom da na ƙungiyoyin metal irin su Pantera da Slayer suna nuna inda suka yi kama, wani wurin kam kamar ta yi yawa gaskiya.

Ga inda abin yake da daɗi, kiɗan Doom ba naɗaɗɗen sauti ba ne, MIDI ne, wato umarni kawai aka rubuta, buga wannan, riƙe wancan, katin sautin da ke cikin kwamfutarka shi zai rera. Mai Sound Blaster ya ji jita siririya tana ƙyanƙyan, mai kuɗin da ya sayi Roland SC-55 ya ji ta cika ɗaki, alhali kiɗa ɗaya ne. Bari in saka muku su biyun a jere, na Sound Blaster tukuna, ku ɗan ƙara murya.