Allurar Rigakafi Ɗaya, Cututtuka Biyar: Laccar da Aka Gabatar a Zariya

Assalamu alaikum. Iyayenmu mata, malamai da sauran jama'ar da suka halarta daga Birni, Tudun Wada da Sabon Gari, barkanmu da warhaka.

Batun da zan tsaya a kansa shi ne allurar nan da ma'aikatan lafiya ke kira Penta, wadda Nijeriya ta shigar cikin jadawalin rigakafin yara a 2012. Kafin zuwanta, ana yi wa jariri allurar cututtuka uku ne a haɗe, wato mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora, sannan a yi masa ta ciwon hanta daban. Penta ta tattara waɗannan huɗu a sirinji guda, ta kuma ƙara kariya daga wata ƙwayar cuta mai suna Hib, wadda ke jawo wa ƙananan yara sanƙarau da ciwon huhu. Amfanin haɗawar a bayyane yake, domin an rage yawan sukar da ake yi wa jariri, an kuma rage kwalaben da dole a adana cikin sanyi, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Jadawalin kuwa yana farawa ne tun daga haihuwa, da allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna. Ita Penta sau uku ake yin ta a cinya, a mako 6 da 10 da 14, sai kuma allurar ƙyanda da ta shawara idan yaro ya cika wata 9.

A nan nake so mu ɗan dakata. Iyaye da dama sukan kawo yaro karo na farko, amma da jikinsa ya yi zafi ko cinyarsa ta ɗan kumbura, sai maigida ya ce ba za a koma ba. Wannan zazzaɓi sananne ne, galibi yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya yi tsanani ko ya ƙi sauka, a mayar da yaron asibiti. Abin da ya kamata a fahimta shi ne allurar farko ba ta isa ba, domin sai an cika ukun nan jiki ke samun kariyar da za a dogara da ita. Ɓarkewar mashaƙon da ta fi ƙamari a Kano a 2023 ta fi shafar yaran da ba su kammala rigakafinsu ba ko ba a yi musu ko ɗaya ba, kuma Kano ba nisa gare ta da mu ba.

Wata baiwar Allah ta tambaye ni ɗazu ko wanda ya tsallake lokaci zai koma farko. A'a, Hajiya, ba a komawa farko. A zo da katin yaron cibiyar lafiya mafi kusa, za a duba inda aka tsaya a ci gaba daga nan, kuma a asibitocin gwamnati kyauta ake yin waɗannan allurai.