Man Sitiyari Na Zuba? Nemo Inda Yake Fita Kafin Ka Sayi Famfo

Ka tayar da mota da safe, ka murɗa sitiyari za ka fita daga gida, sai ka ji wani kuka daga gaban mota, sitiyarin kuma ya yi nauyi. Ka ja baya, ga jan mai a ƙasa.

Dakata, kada ka yi saurin sayen famfo.

A tsofaffin motoci, bel ɗin inji ne ke juya famfo, famfo ya turo mai da ƙarfi ta tiyo zuwa rak, wato dogon ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, shi ya sa taya ke juyawa da sauƙi. Duk hanyar nan roba ce ke tsare man. Roba kuwa zafi da shekaru na busar da ita har ta tsage, balle motar Kwatano da ta haura shekara 20.

Wanke wurin tas, ka shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwana. Da safe ka duba inda man ya ɗiga, ka bi shi sama ka ga inda yake fita.

Idan tiyon da ke mayar da mai ƙaramin tankin man sitiyari ne, sau da yawa kilif ne ya saki. Idan babban tiyon famfo ne, canza shi, ɗaure shi da robar tayar keke ba ya riƙewa. Shi kuwa rak ɓoye laifinsa yake yi: man yana taruwa cikin robar nan mai lanƙwasa ta kusa da taya. Matsa ta da hannu. In ka ji ta cike da mai, sil ɗin ciki, wato robar da ke hana mai fita, ya mutu.

Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, ku saurara da kyau. Akwai ƙaramin zoben roba a bakin famfo, inda mai ke shiga. In ya bushe, iska ce ke shiga, man ya yi kumfa, famfo ya dinga kuka. Abin takaici ne a cire famfo mai lafiya saboda wannan ɗan zoben.

Sai zancen mai. Tsohuwar Camry tana shan jan man giya, wato Dexron. Honda nata man daban ne, na giya yana lalata mata sil. Karanta murfin tankin. Man birki kuwa, ko ɗigo kada ya shiga.

Kuma in ka kai sitiyari ƙarshe, sassauta hannu, kada ka danne shi a nan. In ka ga man yana ɗiga kan salansa mai zafi, yau ɗin nan ka kai ta gareji, domin yana iya kama wuta.