Shin Ɗakin Da Ake Ja Da Mota Yana Buƙatar Shokazoba?

(Laccar da aka yi wa direbobi da makanikai a Gombe, kamar yadda aka naɗe ta)

Assalamu alaikum. Iyayen gida direbobi, malamai makanikai, barkanmu da war haka.

An tambaya ne kan ɗakin nan mai taya da Turawa ke ɗaurawa a bayan mota su tafi yawon buɗe ido. Mu nan ba mu cika ganinsa ba, amma muna jan 'yan uwansa: tirelar janareto, ta tankin ruwa, ta kayan sautin biki. Hukuncinsu ɗaya.

Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Shokazoba ba ta ɗaukar ko kilo ɗaya, aikinta kashe tsalle. Mai ne a cikinta, ana tura shi ta 'yan ƙananan ramuka, sai motsi ya lafa. Yawancin waɗannan ɗakuna kuwa roba ce a cikin aksil ɗinsu, kuma roba da kanta tana shanye wani ɓangare na tsallen. Shi ya sa ake sayar da da yawa babu shokazoba, suna tafiya lafiya lau a kan kwalta mai kyau.

To amma ina kwaltar? In taya ta faɗa rami ta yi sama, a wannan lokacin ba birki, ba riƙon ƙasa. A Jamus, mai jan irin wannan ɗaki iyakarsa kilomita 80 a awa. Ba a ba shi izinin 100 sai da shokazoba mai mai da tayoyin da ba su kai shekara 6 ba. Ni dai a hanyoyinmu, cewa zan yi a sa.

Sai dai ku ji da kyau, nan ne ake ruɗuwa. Shokazoba ba ta maganin kaɗa wutsiya, wato tirela ta riƙa lilo hagu da dama, musamman in babbar motar siminti daga Ashaka ta wuce ka da iskarta, ko a gangara wajen Kaltungo. Wannan ciwon lodi ne. Nauyin da ke danna ƙugiyar mota ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin tirelar: in kilo 1,000 ce, kilo 50 zuwa 70. Ka auna da sikelin awon mutum, ka tokare bakin tirelar da guntun katako. Kaya masu nauyi a ƙasa, daidai kan aksil, ba can baya ba. Sabon direba kada tirelarsa ta wuce kashi 85 na nauyin motar. Tankin ruwa kuma ko a cike ko babu komai. Rabi shi ne mugu, ruwan ne zai riƙa tuƙa ka.

In lilon ya fara, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari sak. Kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka ƙara wuta.

Malam can baya ya ce ko za a ɗaura shokazobar ƙaramar mota? A'a. In tsawonta bai dace ba, za ta ƙure kafin sifirin ya gama aikinsa, ta fizge mazauninta. A duba yoyon mai, a duba robar kunnuwanta, a duba taya ko tana ci tsalle-tsalle. In ɗaya ta mutu, biyun ake canzawa tare.