Me Ya Sa Har Yanzu Muke Auna Zangarniya?

Malamai da ɗalibai, assalamu alaikum. Ɗazu wani ɗalibi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, tunda an karance ƙwayoyin gadon dawa tun 2009, don me ake sa mu auna zangarniya a sikeli cikin zafin ranar Marwa?" Da tambayarsa zan fara.

Ku ɗauki manomin masakwa, dawar rani da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe laima. Ranar girbi ya ga wata jibgegiyar zangarniya, ya ware ta iri. Bai lura ba, a inda ruwa ya fi daɗewa kwance ta fito. Da shekara ta zagayo ya dasa, 'ya'yanta suka fito daidai da na kowa. Ashe girman nan ƙasa ce ta ba ta, kuma abin da ƙasa ta bayar ba a gadonsa.

Yawan amfanin gona ya sha bamban da launin waken da Mendel, mai binciken gado, ya yi gwaji da shi, inda ƙwayar gado ɗaya ke yanke launin. Ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne ke haɗuwa a kan yawan amfani, kowace da ɗan kasonta, ga ruwa da taki na sa hannu. Masanin lissafi Ronald Fisher ne ya warware lissafin wannan a 1918. Daga nan masu kyautata iri suka samu ƙa'idarsu: a ce iyayen da ka zaɓa sun ɗara sauran da mudu 10, kason gado, wato abin da 'ya'ya ke gada daga wannan fifikon, kuma uku cikin goma ne, to mudu 3 za ka sa rai a 'ya'ya. Sauran bakwai ɗin, sai haƙuri.

A 2001 masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, suka nuna ana iya duba alamomin DNA a yi hasashen darajar iri tun yana tsiro. Aiki ya yi sauri, babu musu. To amma kwamfutar a ina ta koya? Daga gonakin da aka riga aka auna, da lissafin nan dai na Fisher. Shanun madara na Amurka sun ci moriyar dabarar ne saboda an shekara da shekaru ana rubuta nonon kowace saniya. Mu fa, wa ke rubuta na Gudalin Ngaundere? Kuma hasashen da aka gina kan dawar damina ba lallai ya yi aiki a kan masakwar da ke rayuwa da laimar karal ba.

Saboda haka, ɗana, sikelin yana nan yana jiranka. Ka zo da hula da gorar ruwa.