Zaɓen antibodi don tantance ƙwayoyin garkuwar jikin ɓera: lacca ga ɗaliban bincike a Kaduna

Jama'a, assalamu alaikum. Kowace ƙwayar garkuwar jiki tana da sunadarai a bayanta da ake gane ta da su: CD4, CD8, CD19 da sauransu. Antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki mai manne wa abu ɗaya takamaimai, yakan kama ɗaya daga cikin waɗannan alamomin, a jikinsa kuma akwai rini mai ƙyalli da na'ura ke karantawa. Tun 1975 Köhler da Milstein suka samo hanyar yin antibodi iri ɗaya tak a Kambirij.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, sunan alama bai isa ba, sai an duba lambar kulon, wato zuriyar ƙwayoyin da aka samo antibodin daga gare ta, da kuma irin ɓeran. A garin nan, inda cibiyar binciken cutar sammore take, masu wannan aiki sun saba da ɓeraye iri biyu, C57BL/6 da BALB/c, domin na farko ya fi jure Trypanosoma congolense, ɗaya daga cikin ƙwayoyin cutar da ke jawo sammore. To, kulon PK136 da ke kama NK1.1, alamar ƙwayoyin garkuwa da ake kira NK, yana aiki a C57BL/6, amma a BALB/c ba ya kama komai. Mai bincike sai ya rubuta cewa cuta ta cinye ƙwayoyin NK, alhali suna nan daram. A BALB/c ku nemi DX5 ko NKp46.

Haka antibodin Gr-1, kulon RB6-8C5. Yana kama alamomin Ly6G da Ly6C duka, saboda haka yana haɗa niyutrofil da monosayit, nau'i biyu na fararen ƙwayoyin jini, wuri ɗaya. In niyutrofil kaɗai ake so, 1A8 ne. Wanda kuma ya yi wa ɓera allurar antibodin GK1.5 don kawar da ƙwayoyin CD4, kada ya auna da GK1.5 ko RM4-5, domin antibodin allurar ya riga ya toshe gurbin da suke kamawa, zai ga sifili ko da ƙwayoyin na nan. RM4-4 ne zai faɗa masa gaskiya.

Sai aikin hannu. A murje saifa a kan rariya mai ramin maikuromita 70, a fasa jajayen ƙwayoyin jini da ruwan ACK, a wanke, a ƙirga. Ƙwaya miliyan ɗaya a maikurolita 100 na PBS, wato ruwan gishirin ɗakin bincike, mai kashi 2 cikin 100 na ruwan jinin ɗan maraƙi. Kafin komai a zuba antibodin 2.4G2, a jira minti 10. Yana toshe CD16 da CD32, waɗanda ke cafke wutsiyar kowane antibodi ba tare da zaɓe ba. Wannan matakin akan tsallake shi don rowar kuɗi, shi ya sa makrofaj, manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye ƙwayoyin cuta, ke fitowa kamar suna ɗauke da kowace alama. Daga nan a zuba antibodin mai rini, minti 20 zuwa 30 a kan ƙanƙara cikin duhu, a wanke sau biyu, a sa rinin 7-AAD don ware matattun ƙwayoyi, don su ma komai manne musu yake.

Wata ɗaliba ta tambayi batun ajiyar antibodi. Malama, digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare. Da yanayin wutar lantarkinmu, a sa ma'aunin zafi cikin firij ana dubawa. Rinin PE-Cy7 haske da zafi na lalata shi, sai ƙyallinsa ya koma layin da na'ura ke karanta rinin PE, a ɗauka wata alama ce ta bayyana.